Kofin da Jikokinku Za Su Ɗaga: Nasiha ga Matasan Ƙasar Daura



Idan kaka ta yi, gero da dawa suka shiga rumbu, da wuya mutum ya wuce filin makarantar firamare bayan La'asar bai ga ƙura na tashi ba. Haka abin yake a cikin garin Daura, haka yake a Zango da Ɓaure da Sandamu da Mai'aduwa. Ƙwallo ake bugawa, wani da takalmi wani babu, 'yan kallo sun kewaye fili, mai rake da mai awara suna ta ciniki. Ina jin daɗin ganin haka, domin saurayin da ya zubar da gumi a fili ya koma gida ya yi barci ya fi wanda ya wuni a majalisa ba aikin fari ba na baƙi.

Amma akwai tambayar da nake so kowannenku ya amsa wa kansa. Tun tasowarku, gasar cin kofi nawa aka buɗe a unguwarku? A cikinsu nawa ne suka kai shekara biyar ana yi ba fashi? Wa ya ci kofin farko, da ci nawa, kuma ina kofin yake yau? Na san da yawanku za ku yi shiru. Wajen buɗe gasa ba a bar mu a baya ba, raya ta ne ya gagare mu. A kan wannan nake so mu yi magana.

Kun san yadda abin yake tafiya. Zaɓe ya matso, sai mai neman kujera ya sa kofi. A buga riguna da hotonsa a ƙirji, a kafa rumfuna, a jera kujerun roba, mai kiɗa ya ƙure lasifika. Ranar buɗewa a sha jawabi har rana ta yi sanyi, babban baƙo ya taɓa ƙwallo da ƙafa, a tafa masa. A yi sati uku ana fafatawa. Ranar wasan ƙarshe alƙalin wasa ya busa fanareti, 'yan ɗaya gefen su ce ba su yarda ba. Kafin ka ce kwabo jifa ya fara, ƙauraye sun shigo fili da gorori, kowa ya yi ta kansa. Kuɗin da aka yi wa zakaru alkawari kuwa, a ce su zo ofis gobe, su yi ta sintiri har su gaji. Baɗi mai kofi ko dai ya ci zaɓe ya tafi, ko ya faɗi ya yi fushi. Gasa ta mutu tana 'yar shekara ɗaya, ta bar wa unguwanni biyu gabar da ba su da ita a da.

To, bari in ba ku labarin wata gasa da ta haura shekara 140 tana raye, wadda ba sarki ba ne ya kafa ta, ba gwamna ba, ba attajiri ba.

A kudancin ƙasar Sikotlan, cikin Birtaniya, akwai wani ɗan gari mai suna Melrose. Mutanensa ba su kai dubu uku ba. Daura ta ninka shi sau da yawa. A 1877 samarin garin suka kafa kulob na ƙwallon zari-ruga, wasan nan da ake rungumar ƙwallo mai siffar ƙwai a ruga da ita, ba a miƙa wa ɗan'uwa ita sai ta baya ko ta gefe, abokan karawa kuma su bi mutum su kayar da shi. Shekara shida bayan nan kulob ɗin ya shiga matsin kuɗi. A cikin 'yan wasansa akwai wani saurayi, Ned Haig, yaron mahauci ne mai koyon fawa a hannun maigidansa David Sanderson, wanda shi ma ɗan wasan kulob ɗin ne. Haig ya ba da shawara a shirya yinin wasanni, a gayyato kulob-kulob na garuruwan maƙwabta, a karɓi kuɗin ƙofa. Matsalar ita ce zari-ruga mutum goma sha biyar-biyar ake yi, kuma wasa ɗaya yana cin lokaci mai tsawo, ba yadda za a yi kulob da yawa su kara a yammaci guda. Sai suka rage 'yan wasa zuwa bakwai-bakwai, suka mayar da kowane wasa minti goma sha biyar.

Ranar 28 ga Afrilu 1883 aka yi gasar farko a filin Greenyards. Kulob bakwai suka shiga. Matan garin ne suka haɗa kuɗi suka sayi kofin. Wasan ƙarshe ya haɗa masu masauki da Gala, kulob ɗin Galashiels, garin da ke maƙwabtaka da su. Lokaci ya cika ba wanda ya ci, aka yi ƙarin lokaci. Ana cikin haka Sanderson, wanda shi ne kyaftin, ya tsallaka da ƙwallo ya dire ta bayan layi, bai jira lokaci ya cika ba ya janye yaransa daga fili, ya ce kofi nasu ne. 'Yan Gala suka yi ƙorafi, amma hukunci ya tsaya. Ku lura da abin da ya biyo baya: ba su ɗauki gaba ba, ba su ce sun bar wasa da Melrose har abada ba. Shekarar da ta zagayo, 1884, sai suka buɗe tasu gasar ta 'yan bakwai-bakwai. Hawick ta bi sahu a 1886, Jed-Forest a 1894, Langholm a 1908. Abin da ya jawo gardama a wannan rana kuwa, yau shi ne doka: a ƙarin lokaci duk wanda ya riga ci shi ya yi nasara.

Daga wannan ɗan lungu wasan ya bazu. A 1926 aka fara irinsa a filin Twickenham da ke Landan. A 1976 Hong Kong ta buɗe tata gasar, wadda ta zama mahaɗar ƙasashen duniya. A 1993 aka yi gasar cin kofin duniya ta farko a birnin Edinbara, kuma kofin da ake ɗagawa sunansa Kofin Melrose. A Afirka, Kenya ta fara gasar Safari a Nairobi a 1996, shekara ashirin bayan nan kuma ta doke Fiji da ci 30 da 7 ta ɗauki kofi a Singafo. A shekarar 2016 ɗin dai wasan ya shiga gasar Olamfik a birnin Riyo na Birazil, inda Fiji, tsibiran da mutanensu ba su kai miliyan ɗaya ba, ta lallasa Birtaniya da ci 43 da 7, ta samu lambar Olamfik ta farko a tarihinta. Don murna har takardar kuɗi ta dala bakwai suka buga. Ita kuwa uwar gasar tana nan a Melrose, a filin nan dai na Greenyards. Yaƙin duniya na ɗaya da na biyu sun tsayar da ita, annobar korona ma ta tsayar da ita, amma kowane karo ƙura na lafawa sai su dawo su ɗora daga inda suka tsaya.

Ba ina ce muku ku bar ƙwallon ƙafa ku koma zari-ruga ba ne, ko da yake mai sha'awa zai samu inda ake yi a Kano, inda kulob ɗin Barewa ya daɗe yana horar da yara. Abin da nake so ku gani shi ne wanda ya kawo dabarar. Mu nan mun san mahauta da wasa. Dambe gadonsu ne. Su ne suke bin garuruwa da kaka, a kafa kalangu, a naɗa zare a hannu a gwada ƙwanji. Saboda haka kada yaron mahauci, ko ɗan acaɓa, ko tela, ko mai cajin waya ya ce shi ba kowa ba ne, shirya gasa sai manya. Tunanin da yaron mahauci ya yi don kulob ɗin garinsu ya fita daga matsin kuɗi shi ne ya kai har Olamfik. Ga kuma abubuwan da suka sa tasu ta rayu, waɗanda muke da misalinsu a nan kusa da mu.

Na farko, daidai ruwa daidai tsaki. Haig bai zauna jiran ranar da za su samu babban fili da kuɗi mai yawa ba. Ya dubi abin da ke hannunsu, fili ɗaya da yammaci ɗaya, ya yanka wasan daidai da su. Ku kuwa sai ku tara kulob talatin da biyu, ku ce wata biyu za a yi, alhali ƙwallo biyu gare ku da usur ɗaya. Kafin a kai rabi damina ta sauka, ko jarrabawa ta zo, ko masu tafiya cin rani sun tafi, gasa ta watse. Ku fara da kulob takwas na unguwanninku. Ku rage 'yan wasa idan filin ƙarami ne, ku rage minti, a fara bayan La'asar a tashi kafin kiran Magariba, kada a ce wasa ya hana wani jam'i. Gasar kwana uku da aka kammala lafiya ta fi ta wata biyu da ta ƙare a ofishin 'yan sanda. Addininmu ma ya koya mana cewa aiki kaɗan mai ɗorewa ya fi mai yawa da ake yi a watsar.

Na biyu, ku tsayar da lokaci guda, kada ku riƙa matsar da shi saboda wani. A nan ba ku bukatar darasi daga Turai, domin kuna da Sallar Gani. Wa ya taɓa aika wa mutumin Daura takardar gayyata zuwa Gani? Da watan Rabi'ul Awwal ya kama, na Legas ya san zai zo gida, na Damagaram ya san zai tsallako, hakimai sun san ranar da za su shigo da dawakansu, mai ɗinki da mai sayar da kayan doki kowa ya san kasuwarsa ta zo. Sarakuna sun shuɗe, Sarki Abdurrahman da Sarki Muhammadu Bashar Allah ya jiƙansu, ga Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar a kan gado tun 2007, Gani tana nan a lokacinta. Haka mutanen Melrose suka riƙe watan Afrilu shekara da shekaru har kowa ya haddace. Haka ma Kofin Ramat na yara da ake yi a Kano don tunawa da marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed, wanda aka kashe ranar 13 ga Fabrairu 1976: sunan mutum ne a kan kofin, amma ƙungiya ce take riƙe da shi, kuma an san watansa. Ku zaɓi naku lokacin, misali makon farko na hutun ƙarshen shekara, lokacin an gama aikin gona kuma ɗalibai suna gida. Idan babban baƙo bai samu zuwa ba, a buga wasa. Idan kuɗi bai cika ba, a rage kyauta, a buga wasa.

Na uku, kuɗi. Nan ne yawancin gasanninmu suke karyewa. Ban hana ku karɓar gudummawa ba. Wanda Allah ya hore wa ya taimaka, a gode masa a gaban jama'a. Amma kada ku bai wa mutum ɗaya wuƙa da nama, kada kuma ku sa wa gasar sunan mai neman kujera, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da ya ce a cire kulob ɗin unguwar da ba ta zaɓe shi ba, ba ku da bakin musu. Ku sa mata sunan garinku ko unguwarku, sunan da ba ya faɗuwa zaɓe. Ku tuna kofin Melrose na farko mata ne suka saya. Iyayenku mata da yayyenku da suka iya riƙe adashi shekara da shekaru ba a ji kansu ba, sun fi ku sanin yadda ake tara kaɗan-kaɗan ya zama da yawa. Ku nemi shawararsu. Ku je wurin masu shaguna, da ƙungiyar direbobi, da dillalan kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa da ke ci ranar Lahadi, da 'yan garinku ma'aikata da ke Katsina da Kano da Abuja. Mutum ɗari da kowa ya ba da kaɗan sun fi mutum ɗaya da ya ba da duka, domin ɗari ba sa yin fushi rana ɗaya.

Idan kuɗin ya shigo, to amana ce. Ma'aji daban, sakatare daban, kuma kada a fitar da ko sisi sai da sa hannun mutum biyu. Kyautar zakaru a ajiye ta a hannun wani dattijo amintacce tun kafin a busa usur na farko, a miƙa ta a fili ranar ƙarshe, ido na ganin ido. Kwana bakwai da gama gasa a tara wakilan kulob-kulob a karanta musu lissafi: ga abin da aka samu na rajista, ga na gudummawa, ga abin da aka kashe wajen ƙwallo da raga da alƙalan wasa da ruwan sha, ga abin da ya rage na baɗi. Wanda ya ji lissafi da kunnensa bana, shi ne zai fara kawo kuɗinsa baɗi. Saurayin da ya riƙe naira dubu hamsin ta gasa bai ci ba, gari ya gan shi, kuma ba za a manta ba ranar da ake neman wanda za a damƙa wa abin da ya fi haka.

Na huɗu, doka kafin wasa, haƙuri bayan wasa. Gardamar Melrose da Gala ta taso ne saboda ba a fayyace yadda ƙarin lokaci zai ƙare ba. Ku rubuta dokokinku a takarda, kowane kyaftin ya sa hannu: shekarun 'yan wasa, wanda ya cancanci buga wa unguwa, hukuncin wanda ya makara, hukuncin wanda ya taɓa alƙalin wasa. Ku ɗauko alƙali daga wani gari. Idan gasar a Sandamu ce a nemo na Zango. Ku daina rage shekaru, domin mai gemu da ya shiga gasar 'yan ƙasa da sha biyar ƙarya ya yi, kuma ya danne haƙƙin ƙaninsa. Ku kori caca daga bakin fili, domin wanda ya sa kuɗinsa a kan wasa ba zai yarda da hukuncin alƙali ba. Wanda ya sha ƙwaya don ya ji ƙarfi, kada a bar shi ya sa riga. Sannan ku sani dole wata rana a cuce ku, alƙali mutum ne, zai yi kuskure. Ku kai ƙara a rubuce, ku karɓi hukunci, ku gaisa, ku dawo baɗi da shiri. Ku dubi 'yan dambe: mutum ya sha kisa a gaban dubban jama'a, ya tashi ya kakkaɓe jiki, gobe ka gan su tare suna cin abinci. Jarumtaka ke nan.

Na biyar, ku rubuta, kuma ku koya wa na bayanku. Maƙwabtanmu na Nijar sun fara gasar kokawa ta cin takobi a Tawa a 1975, zamanin Saini Kunce. Jihohi takwas ne, kowace tana kawo 'yan kokawa goma. Ku tsallaka iyaka ta Kwangwalam ku tambayi dattijo wa ya fara cin takobi, zai ce muku Kantu na Maraɗi. Ku tambayi yaro wa ya fi kowa ci, zai ce Isaka Isaka na Doso, wanda ya ɗaga na shida a Agadas a ƙarshen 2023, a karo na 44 na gasar. Wannan jerin sunaye shi ne ya sa takobin yake da daraja. Wanda ya ɗaga shi ya san sahun da ya shiga. Ku sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi. Kowace shekara a rubuta kwanan wata, kulob-kulob da suka shiga, sunayen 'yan wasa, sakamakon kowane wasa, da wanda ya fi cin ƙwallo. A wanke hoton zakaru a liƙa. Kada ku dogara da waya ko Facebook kaɗai. Waya tana faɗuwa, shafi yana rufewa. Kofin kuma ya zama mai yawo: wanda ya ci a zana sunansa a gindi, ya ajiye shekara guda ya dawo da shi.

Miƙa wa na baya kuwa, Katsina ta nuna mana yadda ake yi. Sarki Muhammadu Dikko ne ya kafa ƙwallon dawaki a Katsina a shekarun 1920. Bai bar shi ya tsaya a kansa ba, ya ɗora 'ya'yansa da yaransa a kan dawaki. Ɗansa Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi mulki daga 1944 zuwa 1981, ya zama gwanin da har yau ake ba da labarinsa, 'ya'yansa irin su Janar Hassan Usman Katsina da Sarki Muhammadu Kabir Usman suka ɗora. Shi ya sa bayan kusan shekara ɗari har yanzu ana taruwa gasar ƙwallon dawaki a Katsina. Ku ba ku da dawakan sarki, amma kuna da ƙanne. Duk wanda ke cikin kwamiti ya ɗauki yaro ɗaya ya riƙa tafiya da shi taro, ya nuna masa yadda ake rubuta wasiƙar neman fili wurin hedimasta, yadda ake sanar da mai unguwa da dagaci da 'yan sanda, yadda ake jera wasanni. Shugaba ya yi shekara biyu ko uku ya sauka. Gasar da mutum ɗaya ne kaɗai ya san sirrinta, ranar da ya samu aiki a wani gari ko ya yi aure hidima ta yi masa yawa, ranar za a binne ta.

'Ya'yana, kada ku ɗauki wannan magana a ta wasa kawai. Wanda ya iya tara unguwanni takwas, ya riƙe musu kuɗi da gaskiya, ya raba gardama, ya cika alkawari a ranar da ya faɗa, ya kuma maimaita haka shekara goma, to ya koyi abin da ake tafiyar da kasuwa da makaranta da gari da shi. Ga makarantu sun ƙaru a Daura, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, ga jami'ar sufuri, ɗalibai suna zuwa daga ko'ina cikin ƙasa. Masu buga wasa da masu kallo ba su yi mana kaɗan ba. Masu riƙewa muke nema.

Saboda haka ina roƙonku, bana ku zauna ku bakwai ko ku goma, ku je ku gaida mai unguwa da limami ku faɗa musu niyyarku. Ku tsayar da wata, ku sayi littafi, ku naɗa ma'aji mai tsoron Allah, ku fara da abin da kuke iyawa. Baɗi ku sake, baɗin baɗaɗa ku sake, ko da mai ba da kuɗi ko babu. Ku yi ta har yaron da yau yake ɗauko muku ƙwallo idan ta fita fili ya zama shi ne shugaban kwamiti. Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya zaunar da ƙasar Daura da Nijeriya baki ɗaya lafiya. Amin.